Me Ya Sa Ƙudan Zuma Ke Gudu Daga Amya Da Bazara?

'Yan uwa ɗalibai da malamanmu, duk wanda mahaifinsa ko kakansa ke ɗora amya a Ƙauran Namoda, Shinkafi ko Zurmi ya san wannan takaici: a je duba amya a watan Afrilu ko Mayu, a tarar babu ƙuda ko ɗaya. Wasu kan ce sammu ne. Amma galibi yunwa da ƙishirwa ne suka kore su.

Abincin ƙudan zuma iri biyu ne. Akwai ruwan zaƙin fure, wanda suke mayarwa zuma, sai kuma garin fure da suke ciyar da 'ya'yansu. Da hunturu gawo da kaɗanya da ɗorawa da mangwaro suna fure, abinci ya wadata. Idan bazara ta kankama, fure ya ragu, tafkuna sun ƙafe, gulbin Gagare da na Bunsuru sun koma rairayi. A nan sarauniya ke rage ƙwai, ita da kan iya saka fiye da 1,000 a rana lokacin wadata. Ƙwai yakan ɗauki kwana 21 kafin ya zama ma'aikaciya, ita kuma ba ta cika wuce mako 6 a duniya ba. Ke nan idan aka daina ƙwai, nan da nan gida ya ragu. Ƙudan zuman Afirka kuwa ba ya zaman jiran mutuwa, tashi yake yi gaba ɗaya.

To, mene ne abin yi?

1. A bar musu rabonsu. Babban kuskure shi ne kwashe zuma duka ranar ɗiba. A bar musu wani kaso, kuma kada a taɓa saƙar da ke da 'ya'ya.

2. A ajiye ruwa kusa. A zuba a kasko, a sa tsakuwa ko karare don su sami wurin sauka, kada su nutse. Da ruwan suke sanyaya amya.

3. Idan yunwa ta yi tsanani, a narkar da kofi 1 na sukari a kofi 1 na ruwa mai tsabta, a ba su da yamma, kaɗan-kaɗan, don kada ya yi tsami. Kada a ba su zumar kasuwa, tana iya kawo musu cuta.

4. A sa amya a inuwa, a rage faɗin ƙofarta, a kare ta daga tururuwa, domin gida mai rauni shi maƙiya ke far wa.

5. Masu noman rani su yi feshin magani da yamma, bayan ƙudan sun koma gida. Ai su ne ke barbarar furen kankana da kabewa.

Tun 2018 duniya ke bikin ranar ƙudan zuma a 20 ga Mayu, daidai lokacin da namu ke cikin wahala. Kafin ranar ta zo, kowane aji ya shirya dashen gawo, zogale ko magarya da faɗuwar damina. In ka koma gida yau, ka tambayi mai amya a unguwarku: Baba, ka ajiye musu ruwa kuwa?