Ɓoyayyen Abu Ne, Ko Dokar Ce ke da Gyara?

Kowa ya san in aka jefa dutse sama, ƙasa zai komo. Ƙarfin nan da ke janyo shi, shi ne ke riƙe da wata da taurari bisa hanyoyinsu. A 1687 masanin Ingila Newton ya tsara dokar wannan ƙarfi da lissafi.

Daga baya aka ga tauraron Uranus yana kauce wa lissafin. Masanin Faransa Le Verrier ya ce wani tauraro ne ɓoye ke jan shi. Aka duba a 1846, sai ga Neptun. A 1859 ya ga Merkur ma yana kaucewa, ya sake cewa akwai wani ɓoye kusa da rana. Aka yi ta nema, ba a samu ba. Ashe wannan karo dokar ce ke da gyara.

Einstein ya gyara ta a 1915. Ya ce abu mai nauyi yana lanƙwasa sarari da lokaci, kamar dutse bisa zanen da aka miƙe. Lissafin Merkur ya daidaita. A husufin rana na 1919, a tsibirin Principe na Afirka da kuma Brazil, aka ga hasken taurari yana lanƙwasawa kusa da rana kamar yadda ya faɗa.

Yau gardamar ta komo. Cikin shekarun 1970 Vera Rubin ta Amurka ta auna cewa taurarin da ke gefen manyan garkunan taurari suna gudu fiye da yadda lissafi ya nuna. Yawancin masana suka ce akwai ɓoyayyen abu marar haske, wanda ya ninka abin da muke gani wajen sau 5. Amma a 1983 Milgrom na Isra'ila ya ce dokar ce ke sauyawa inda jan ya yi rauni ƙwarai. Ra'ayinsa ya dace da garke ɗaya ɗaya, amma ya gaza inda garkuna suka taru da yawa.

A 2017 wasu matattun taurari biyu da suka yi karo suka raba wani sashe na gardamar. Girgizar sarari da haske suka iso duniya, tsakaninsu bai kai daƙiƙa 2 ba, bayan tafiyar shekara wajen miliyan 130. Ra'ayoyin da suka ce gudunsu ya bambanta suka faɗi, na Einstein ya tsaya.

Sai dai har yanzu ba wanda ya kama ɓoyayyen abin nan a ɗakin gwaji. Ko zai zama kamar Neptun, ko kamar tauraron da aka rasa kusa da rana, awo ne zai raba. Allah ya ƙara mana sani.