Sharhi a Gefen Umarni: Nawa Ne Ya Wadatar?

Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a kacokan kan na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta. Saboda haka ɗalibin da ya gama sakandare a Kaugama dole ya je cibiyar jarrabawa, ya zauna gaban ɗaya daga cikin kwamfutoci kimanin 250. Kafin ranar, sai an ɗora wa kowacensu manhaja iri ɗaya, an daidaita ta daidai da sauran. Ba a yin wannan aiki da hannu ɗaya bayan ɗaya. Akan haɗa abin da ake kira ƙunshin girkawa: fayil guda da ya tattara manhajar da dukkan abin da take buƙata, tare da umarnin inda za a ajiye kowane abu.

Shi kansa ƙunshin, wani jerin umarni ne ke harhaɗa shi. Masana harkar sun daɗe suna muhawara a kan ko bayani nawa ya kamata a rubuta a gefen wannan umarni domin wanda zai gaji aikin.

Almajirin da ya karanta Ishmawi ko Risala a zaure ya san amsar a wani fanni. Malaman da suka kwafi waɗannan littattafai da hannu sukan bar sharhi a gefen takarda, amma ba kowace kalma suke yi wa ba. Inda ma'ana ta fito fili sai su wuce, inda ɗalibi zai iya tuntuɓe nan suke tsayawa. Haka ya dace da umarnin kwamfuta. Layin da ke cewa a kwafi fayil daga nan zuwa can ya riga ya bayyana kansa. Sake faɗinsa cikin sharhi ɓata tawada ne. Abin da umarni ba ya iya faɗa shi ne dalili: me ya sa aka zaɓi wannan sigar manhaja aka bar sabuwa, me ya sa wani mataki ya zo kafin wani, kuma wane zato aka yi game da na'urar da za a girka wa.

A 1976 Stuart Feldman, a ɗakin binciken Bell da ke Amurka, ya ƙirƙiro wata manhaja mai suna make, wadda har yau ake amfani da ita wajen harhaɗa manhajoji. A cikinta, dole layin umarni ya fara da wata alamar tazara ta musamman wadda ido ba ya iya bambanta ta da tazarar da aka saba. Wanda bai san wannan ƙa'ida ba zai iya yini yana neman kuskuren da ba ya gani. Layi ɗaya na sharhi a kan fayil zai ishe shi.

Misalin da ya fi wannan tsada ya faru ranar 4 ga Yuni, 1996. Rokar Turai mai suna Ariane 5 ta tashi daga Kourou, ta tarwatse a sama cikin daƙiƙa 40 ko makamancin haka. An ɗauko wani sashe na umarninta daga tsohuwar Ariane 4, wanda aka rubuta bisa zaton cewa wata lamba ba za ta wuce iyaka ba. A sabuwar rokar, lambar ta wuce. Kwamitin bincike ƙarƙashin Jacques-Louis Lions ya ba da shawarar a fito da duk wani ɓoyayyen zato fili, kuma a riƙa kula da takardun dalili kamar yadda ake kula da umarnin kansa.

Sai dai yawan sharhi ma yana da nasa haɗari. Idan aka gyara umarni aka manta da sharhin gefensa, sharhin ya zama ƙarya, kuma mai gado zai gaskata shi ya ɓata. Masu tsarin Debian, wanda Ian Murdock ya kafa a 1993, sun ɗauki matsakaiciyar hanya. Kowane ƙunshi nasu yana ɗauke da fayil na canje-canje, inda ake rubuta abin da aka sauya, da wanda ya sauya shi, da kwanan wata, a taƙaice.

Ga malamin kwamfuta a makarantar karkara, wanda ana iya yi masa canjin wurin aiki ko ya kammala hidimar ƙasa ya tafi, awon a fili yake. Ya miƙa wa abokin aikinsa fayilolin, ya koma gefe ya yi shiru. Duk inda abokin ya tsaya yana tambaya, nan ne wurin da ke buƙatar sharhi, kuma a rubuta shi nan take, tun dalilin bai gushe daga zuciya ba.