Tsamin Tsamiya: Amfaninsa da Abin Kiyayewa

Yau hirar tamu a kan tsamiya ce, wadda kike aiken yaro Kurmi ko Kasuwar Rimi ya sayo miki don kunu.

Tsamin nan da ke kama miki haƙori, wani sinadari ne da masana ke kira asid ɗin tatarik. Akwai shi a inabi, amma ya fi yawa a tsamiya. Wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Suwidin, Scheele, shi ya fara ware shi a shekarar 1769.

Kin daɗe kina aiki da shi. In yakuwa ta cika tsami kika jefa 'yar kanwa, ai kina ganin kumfa ta taso. To, tsami da kanwa kishiyoyi ne, in sun haɗu kowa na kashe ƙarfin ɗan'uwansa. Haka in kin zuba ruwan tsamiya a tuwo, ba ya saurin lalacewa, domin ƙwayoyin da ke ɓata abinci ba sa son tsami. In kuma tasar tagulla ta dushe, ki goga mata jiƙaƙƙiyar tsamiya da gishiri, ki ɗauraye, sai ta yi ƙal.

To, a nan gizo ke saƙar. Tsamin da ya cinye tsatsar tasa, shi ne zai narko ƙarfen ya shiga abincinki in sun daɗe tare. Musamman tukwanen nan da ake zubawa da tsofaffin ƙarafa: binciken da aka wallafa kan irinsu a Kamaru a 2014 ya sami gubar dalma a cikinsu, kuma tsami na jawo ta. Ita kuwa wannan guba ƙwaƙwalwar yara take taɓawa, a hankali, ba tare da kin lura ba.

Don haka 'yar'uwa, kada ki jiƙa tsamiya a irin wannan tukunya ko a tasar tagulla, kada kunun tsamiya ko zoɓo ya kwana a ciki. Ki juye a ƙwarya, ko kwanon silba. Yaro kuma in ya tsotsi tsamiya, ya kurkure baki da ruwa, don tsami na cin haƙori.

Allah Ya ba mu lafiya da zuri'a ɗayyiba. A huta lafiya.