Haƙƙin Ƙirƙira: Tarihin da ke Bayan Keken Ɗinki da Fil

Keken ɗinkin da tela ke takawa a kasuwar Baure, da zif ɗin da yake sa wa wando, da fil ɗin da mata ke maƙale mayafi da shi, kowanne akwai wanda ya ƙago shi, hukuma kuma ta ba shi shaida. Ita ce takardar haƙƙin ƙirƙira: mai fasaha ya bayyana sirrin abinsa a rubuce da zane, gwamnati kuma ta hana kowa ƙerawa ko sayarwa ba da izninsa ba har wani wa'adi. Ta nan tsarin ya sha bamban da al'adar maƙera da majema a ƙasar Hausa, inda sirrin sana'a gado ne da ba ya fita daga gida.

Birnin Benis na Italiya ya kafa irin wannan doka a 1474, Ingila ta yi tata a 1624, Amurka kuma a 1790.

Labarin keken ɗinki ya nuna nauyin takardar. Wani Ba'amurke, Walter Hunt, ya haɗa injin ɗinki a shekarun 1830, amma bai yi masa rajista ba. A 1846 Elias Howe ya karɓi takarda a kan inji mai allurar da kafarta ke wajen tsini, wanda ke sarƙe zaren sama da na ƙasa. Isaac Singer ya sami tasa a 1851, kekensa kuma ya fi samun kasuwa. Howe ya kai ƙara, a 1854 kotu ta ba shi gaskiya, dole Singer ya riƙa biyan sa. Hunt ɗin nan shi ne ya yi wa fil mai maƙalewa rajista a 1849, sannan ya sayar da haƙƙinsa dala 400 domin ya biya bashin dala 15. Zif irin na yau kuwa, Gideon Sundback ya karɓi takardarsa a 1917.

Idan wa'adi ya cika, fasaha ta zama ta kowa. Na Howe ya ƙare a 1867. Shi ya sa kamfanonin ƙasar Sin ke ƙera kekuna irin su Butterfly a kan tsohon tsari, da farashin da telan ƙauye zai iya saye.

A Nijeriya, dokar 1970 ta ba mai ƙirƙira shekara 20 daga ranar shigar da buƙata, muddin yana biyan kuɗin shekara-shekara. Sharaɗi shi ne abin ya zama sabo, da basira a cikinsa, kuma a iya sarrafa shi a masana'anta. Ofishin rajistar yana Abuja, hukumar NOTAP da aka kafa a 1979 kuma tana taimaka wa masu nema.

Ƙasar Hausa ma tana da masu ƙirƙira. A Jihar Jigawa, maƙwabciyar Baure, malami Mohammed Bah Abba ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, domin adana kayan miya ba da lantarki ba. Hikimar sanyin randa ce ya faɗaɗa, ta kuma jawo masa lambar yabo ta Rolex a 2000.