Kek ɗin auren Yarima William da Catherine Middleton

Kek ɗin auren Yarima William da Catherine Middleton wani kek ne mai hawa takwas da aka yi domin bikin aurensu a ranar 29 ga Afrilu, 2011 a birnin Landan na ƙasar Ingila. Fiona Cairns ce ta jagoranci aikin tare da ma'aikatan kamfaninta da ke Fleckney a yankin Leicestershire. Adonsa aiki ne na haɗin gwiwa, wato aikin da mutane da dama ke raba shi a tsakaninsu, amma idan an gama sai ya fito kamar hannu ɗaya ne ya yi shi.

Siffarsa

An haɗa kek ɗin ne daga ƙananan kek guda 17, inda 12 daga cikinsu suka zama gindin da sauran suka hau kai. Tsayinsa ya kai kusan mita ɗaya, nauyinsa kuma kusan kilo 100. Irin kek ɗin gargajiya ne na Birtaniya da ake cika shi da busassun 'ya'yan itace waɗanda aka jiƙa a barasar burandi. Yawan sukari da barasar ne ke sa irin wannan kek ya yi shekaru bai lalace ba. An rufe shi da farin sukari da mai launin madara kawai, kamar yadda amarya ta nema.

Furanni da ma'anarsu

An yi wa kek ɗin ado da furanni da ganyayen sukari kimanin 900, iri 17. Catherine ta zaɓe su bisa tsohuwar al'adar Turawa da ke bai wa kowane fure ma'ana. Huɗu daga ciki alamun ƙasashen Birtaniya ne: furen wardi na Ingila, furen ƙaya na Sikotilan, dafodil na Wales, da ganye mai kunne uku na Ailan. Akwai kuma furen da ake kira Sweet William saboda sunan ango, da ganyen itacen oak da 'ya'yansa, waɗanda ke cikin tambarin gidan su amarya.

Yadda aka raba aikin

Aikin ya ɗauki kimanin makonni biyar. An fara da gasa kek ɗin, domin yana buƙatar ya kwana biyu kafin ɗanɗanonsa ya zauna. A wannan lokacin masu ado suna ƙera furanni ɗaya bayan ɗaya da ƙullun sukari, su murza shi ya yi siriri, su yanka, sannan su bar shi ya bushe. Wasu kuma suna zana layuka da igiyoyin ado a jikin kowane hawa da haɗin farin ƙwai da garin sukari, wanda ake matsowa ta bakin 'yar jaka.

An bi salon Joseph Lambeth, wanda ya wallafa littafinsa kan adon kek a 1934. A wannan salo ana ɗora layi a kan layi har adon ya taso kamar sassaƙa. Wahalarsa ga aikin tarayya ita ce kaurin layi ya dogara da ƙarfin matsin hannu, don haka dole kowa ya daidaita hannunsa da na abokin aikinsa, in ba haka ba bambancin zai fito fili idan an jera hawa-hawan. Furen sukari kuma yana karyewa da ɗan girgiza, yana yin laushi idan iska ta yi danshi. Saboda haka ba a ɗauko kek ɗin a haɗe ba: an kai shi Fadar Buckingham kashi-kashi, aka harhaɗa shi a can cikin 'yan kwanaki kafin biki. An ajiye shi a zauren zane-zane na fadar, wanda daga adon gininsa aka ɗauko wasu siffofin da ke jikin kek ɗin.

Bayan biki

Ban da wannan, kamfanin McVitie's ya yi kek na biyu da biskit da cakulan bisa buƙatar ango. Kamfanin, da tsohon sunansa McVitie & Price, shi ne ya yi kek mai hawa huɗu na auren Gimbiya Elizabeth a 1947.

A lokacin bazara na 2011 an nuna kek ɗin ga masu ziyartar fadar tare da rigar amarya. Bisa al'adar Birtaniya ta ajiye hawan sama har zuwa haihuwa, an raba wani sashe nasa a bikin baftismar Yarima George a watan Oktoba 2013, haka ma a na Gimbiya Charlotte a 2015 da na Yarima Louis a 2018.