Hanyar Bilma Ba Ta Karɓar Ɗan Koyo, A Fara Da Kwana Ɗaya

Duk mai sayar da dabino ko gishirin kantu, a Kasuwar Kurmi ta Kano ne ko a Kasuwar Dole ta Damagaram, ya san cewa daga arewa kayan nan suke gangarowa, amma ba kowa ne ya san irin hanyar da suke biyowa ba. Ɗaya daga cikin tsofaffin hanyoyin ta ratsa ƙasar Gure ne, garin da ke gabas da Damagaram da tazarar sama da kilomita 160, kuma a cikin wannan gunduma ƙaramar hukumar Gamu take. Daga Gure hanyar ta miƙa arewa, ta wuce duwatsun Kutus, ta bi ta Tasker da dutsen Termit, sannan ta faɗa cikin tsabar rairayi inda babu abin dogaro sai rijiyoyi irin su Agadem da Dibella, har a isa Bilma, garin gishiri da dabino.

Ba yau aka fara bin wannan ƙasa da kaya ba. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya yada zango a Gure a watan Disamba na 1852 a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram, lokacin garin yana matsayin fadar sarautar Muniyo. Ta ɓangaren Agadas kuwa, Faransawa sun ƙiyasta ayarin gishiri na shekarar 1906 da raƙuma dubu 20. Yau manyan motoci sun kwashe mafi yawan wannan ciniki, to amma ƙafa da jaki da raƙumi ba su yi ritaya ba, musamman a tsakanin ƙauyukan da mota ba ta leƙa su sai ranar kasuwa.

Abin da zai ba iyayenmu mata 'yan kasuwa sha'awa shi ne, akwai ayarin da mata zalla suke jagoranta a wannan hanya. Matan Tubawa sukan ɗaure wa raƙuma kaya a ƙarshen damina, su ɗauki 'ya'yansu, su keta hamada zuwa Bilma domin girbin dabino, su dawo da shi kasuwannin kudu su sayar, tafiyar da ta kai kilomita 1,500 zuwa da dawowa. Wata mai shirya fim 'yar ƙasar Beljiyam, Nathalie Borgers, ta bi su ta yi fim a kan wannan tafiya a 2009. Sai dai kada wata ta ji wannan ta ce ai ita ma mace ce. Yarinyar Batuba tun tana goye take bin ayari, kafin a ba ta akala ta kwana a daji sau ɗari, ta san ƙirgen tuddan rairayi da ke tsakanin wannan rijiya da waccan.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne yadda muke ganin samari da matan aure suna hawa bayan mota su nufi arewa neman kuɗi, alhali ba su taɓa kwana ɗaya a wajen gari ba. Mai karatu zai iya tuna abin da ya faru a watan Oktoba na 2013, inda aka tsinci gawarwakin mutum 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ruwa ya ƙare. Daga cikinsu 52 yara ne, 33 mata, kuma akasarinsu mutanen yankin Kance ne a nan jihar Damagaram. Sun fita ne a matsayin fasinjoji, hamada ta mai da su matafiya da ƙafa ba shiri. Ba mu ce kwana ɗaya a dajin Gamu zai ceci wanda mota ta zubar a tsakiyar Sahara ba. Abin da muka ce shi ne, wanda ya taɓa auna ruwan da cikinsa ke sha a yini guda da wuya ya yarda a loda shi a mota da 'yar gora ɗaya a hannu.

Yadda ake zaɓen hanya da rana

Shawararmu ga ɗan koyo ita ce ya ɗora tafiyarsa ta farko a kan ranar kasuwa. A nemi ƙauyen da ke cin kasuwa wanda nisansa daga gida bai wuce kilomita 15 zuwa 20 ba, a tashi ana gobe kasuwa bayan sallar la'asar, a yi tafiyar awa biyu zuwa biyu da rabi, a sauka kafin magariba, a kwana, da asuba a ƙarasa. Amfanin wannan tsari a fili yake: hanyar ba za ta rasa masu kora dabbobi da masu amalanke ba, kuma idan ƙafar wani ta gaza, akwai motar kasuwa da za ta dawo da shi. Ga shi kuma ba a yi tafiyar banza ba, domin ana iya riƙe ɗan abin sayarwa.

Kada a yi lissafin tafiya da saurin da ake yi a kan kwalta. A kan fako mutum mai lafiya yana cin kilomita 4 zuwa 5 a awa guda, amma da zarar an shiga jigawa mai laushi, ga kaya, da ƙyar ake cin 3. Ƙasar Gure kuwa jigawa ta fi yawa.

Lokacin da ya dace shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, wannan ba lokacin koyo ba ne, da damina kuma ga sauro ga gonakin mutane. A duba wata ma, a zaɓi daren 12 zuwa 15 domin a samu farin wata. Idan aka wayi gari hazo ya rufe har ba a hango bishiyar da ke bakin gari, a ɗage tafiyar zuwa kasuwa ta gaba, babu abin kunya a ciki.

Ba a tafiya mutum ɗaya, ba kuma a tafiya 'yan koyo zalla. Fataken da suna da madugu mai yanke shawara da jagaba mai shiga gaba, ko mutum biyar ne a yi wannan rabo, kuma jagaban ya kasance wanda ya bi hanyar a bana, ba wanda ya bi ta zamanin yana saurayi ba, domin rijiya tana ƙafewa, tudun rairayi yana cinye turba. A sanar da maigari da mutanen gida hanyar da za a bi da lokacin da ake sa ran dawowa. A riƙe katin shaida saboda jandarmomi. Batun tsaro kuwa, a yi tambaya a ranar tafiyar ba a jiya ba, idan aka ce an ga baƙin fuska a hanyar, an fasa ke nan.

Ruwa shi ne madugu

A nan za mu ɗan tsaya, domin duk sauran shiri a bayan ruwa yake. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne, ba ragi. Ga tafiya irin wadda muka tsara, yammaci guda da dare da safiya, mu muna ware wa kowane mutum lita 8: biyar na sha, sauran na shayi da girki da alwala. Mutum biyar ke nan lita 40, wato jarka biyu masu cin lita 20, kilo 40 a bayan jaki. Wanda ya ce zai ɗauki nasa a ka, ya tuna cewa masana tafiyar ƙafa suna ba da shawarar kada kayan mutum su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinsa. Mace mai kilo 60 ke nan kayanta kilo 12, ruwa kaɗai ya cinye takwas. Mun san matan da ke ɗaukar ninkin haka daga rijiya zuwa gida, amma rijiya zuwa gida ba awa biyar ba ce.

Mu da kanmu mun sha darasi a wannan fanni. A fitarmu ta farko daga Gamu, mu biyar da jaki ɗaya, mun zuba ruwan duka a jarka biyu ba mu duba murfi ba. Ashe ɗaya ya tsage. Jaki yana tafiya yana girgiza, ruwa yana bin mangala yana ɗiga, ba mu ankara ba sai da muka sauke kaya muka tarar kusan rabin jarkar ya tafi. Muka ce ba komai, ai akwai rijiya a gaba. Da safe muka iske makiyaya sun riga mu, garke bayan garke, kowa da layinsa, ga rijiyar da zurfi sai da dabba ake jan wasaki, mu kuwa ko igiya ba mu riƙo ba. Sai da jagabanmu ya je ya durƙusa ya gai da dattijon da ke wurin, ya ce, Baba, baƙi ne mu, a taimaka mana da na sha, sannan aka cika mana jarka. Tun daga ranar muke kifa kowace jarka a tsakar gida mu bar ta minti goma kafin a ɗora, kuma kowa yana rataye da gorarsa ta lita ɗaya da rabi a jikinsa, an naɗe ta da tsumman buhu an jiƙa domin sanyi. Tsofaffi da ke amfani da salka sun fi mu dabara a nan, ita tana sanyaya ruwa da kanta.

Ka'idar ita ce kada a taɓa sa rijiyar da ke gaba a cikin lissafi. Idan an same ta, ƙari ne. Ruwan tafki ko na rijiyar dabbobi kuma a tace da ƙyalle mai tsabta a tafasa, ko a jefa ƙwayar Aquatabs a jira rabin awa. A sha ruwa kaɗan-kaɗan tun kafin ƙishi ya kama, musamman da hunturu da iska ke busar da gumi mutum bai san yana zubar da ruwa ba. Alamar da ba ta ƙarya ita ce fitsari: idan ya yi ja ya ragu, jiki yana bin bashi. Wanda ya fara jiri ko ciwon kai a zaunar da shi a inuwa a haɗa masa ruwan gishiri da sukari, lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Guzuri ba ya buƙatar dogon bayani ga 'yan kasuwa. Gumba, ƙuli-ƙuli, garin rogo, dabino, cuku, ganyen shayi da sukari sun wadatar. Kilishi yana da daɗi amma yana jawo ƙishirwa. Abin da aka fi mantawa shi ne ashana, wuƙa, tocila da allura.

Allurar kuwa saboda ƙarangiya ce. Bayan kaka dajin nan cike yake da ita, tana kama zani da wando, ƙayarta tana karyewa a cikin fata. A sa takalmin da ƙafa ta saba da shi, kada a sayi sabo domin tafiyar. Wani ƙanenmu ya yi wannan gwaninta, a motar kasuwa ya dawo da ƙafa duk ta yi bororo.

Wurin kwana

A sauka da sauran hasken rana, wannan ba abin sasantawa ba ne. Idan akwai ruga ko ƙauye kusa, a je a yi sallama a nemi izini, baƙon da ya gabatar da kansa yana cikin amanar masu wuri. Kada a shimfiɗa a bakin rijiya ko a kan burtali, dabbobi suna tafiya da dare. Kada kuma a kwanta a gindin kaba ko kusa da tarin itace da ramuka, nan ne maɓoyar kunama da kububuwa. A share fili a kan rairayi mai tsabta, a bayan tudu ta yadda zai tare iskar hunturu da ke busowa daga arewa maso gabas. Ita wannan iska ma alama ce ga wanda ya rikice da gabas da yamma.

Sanyin asuba a watan Janairu ya fi yadda mutumin gari yake zato, kuma daga ƙasa yake shiga jiki, don haka tabarma da buhu a ƙasa sun fi bargo na biyu a sama amfani. A dabaibaye jaki. Da safe a kakkaɓe takalmi kafin a zura ƙafa. Idan tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure da igiya, a hana shi tafiya da ƙafarsa, a ɗora shi a jaki ko amalanke zuwa asibiti mafi kusa. Wayar salula a kashe ta a adana caji, domin ba ko'ina ake samun layi ba.

Wani zai ce wannan duk wahalar ƙauye ce. To a Amurka akwai wata turba ta cikin duwatsu mai suna Appalachian, tsawonta ya kai kilomita 3,500, ta ratsa jihohi 14, an kammala ta a 1937, kuma mutane suna barin aikinsu su yi wata biyar zuwa bakwai suna bin ta don sha'awa kawai. Cikin masu niyyar gama ta a tafiya ɗaya, kusan mutum ɗaya cikin huɗu ne ke kai ƙarshe. Wata tsohuwa mai 'ya'ya 11, Emma Gatewood, ta gwada a 1954 ba shiri, cikin 'yan kwanaki ta ɓata a daji, tabarau ɗinta ya fashe, aka mai da ita gida. Ta dawo a 1955 tana da shekara 67, da buhun kayanta a kafaɗa, ta gama turbar ita kaɗai. Su ma can shawarar da suke ba sabon shiga ita ce ya fita gwajin kwana ɗaya kusa da gida kafin ya ɗauki doguwar.

Idan an dawo gida, kafin a watse a zauna a yi lissafi kamar yadda ake yi bayan an tashi kasuwa. Lita nawa ta rage a jarka, awa nawa aka yi a hanya, wane kaya aka ɗauka ba a taɓa shi ba, wa ya fara gajiya kuma a daidai ina. Idan ruwan da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, a ƙara a fita ta gaba. Sai an yi irin wannan sau biyu ko uku lafiya sannan a yi maganar kwana biyu ta wajen duwatsun Kutus. Abin da ya wuce Tasker kuwa, sai da raƙumi da Batuben da ya san rijiyoyin bana.