Bayan An Ajiye Bindiga: Yadda Saliyo Ta Sake Gina 'Yan Sandanta

Soja na iya ƙwato gari, amma ba shi ake kai wa ƙarar akuyar da aka sace ko rigimar iyakar gona ba. Wannan aikin ɗan sanda ne, kuma shi ne ya fi ba Saliyo wahala a ƙarshen yaƙin basasar 1991 zuwa 2002.

Tun kafin yaƙin jama'a ba su yarda da 'yan sanda ba. Rundunarsu mai ɗauke da makamai, SSD, ita ce mutane suka yi wa laƙabi da karnukan Shugaba Siaka Stevens. Da yaƙi ya zo kuwa, 'yan tawaye suka riƙa farautar masu kaki suna ƙona caji ofis. A harin Janairun 1999 kan Freetown, har hedkwatar sashen binciken manyan laifuka suka cinna wa wuta. Sojojin ECOMOG, waɗanda akasarinsu 'yan Najeriya ne, su suka kore su.

A wannan shekarar ta 1999 Shugaba Ahmad Tejan Kabbah ya naɗa baƙo, Keith Biddle, tsohon ɗan sandan Birtaniya, Sufeto Janar. Abin da ciwo, ƙasa mai 'yanci ta damƙa wa Bature rundunarta. Amma Biddle ba shi da jam'iyya, ba shi da ɗan'uwan da zai roƙe shi ƙarin girma. Aka samar da motoci, rediyon oba-oba da sabon kaki. Aka kafa kwamitoci inda sarakuna, mata 'yan kasuwa da matasa ke zama da jami'in yanki su gaya masa abin da ke damun unguwa.

Ni dai abin da ya fi burge ni ya faro ne a caji ofis na unguwar Kissy a Freetown, inda wata jami'a, Kadi Fakondo, ta ware sashe don matan da aka doka ko aka yi wa fyaɗe, su yi magana ba a gaban kanta cike da maza ba. Daga nan sashen tallafa wa iyali ya bazu a ƙasar tun daga 2001.

A 2003 Biddle ya miƙa wa ɗan ƙasa, Brima Acha Kamara, ragamar rundunar. Gyaran bai kai ko'ina ba: cin hanci a hanya bai gushe ba, kuma a zanga-zangar Agustan 2022 an kashe fararen hula fiye da 20 da 'yan sanda 6.

Darasin bai tsaya a Saliyo ba. Masu mayar da 'yan gudun hijira Bama da Gwoza a Najeriya, ku tambayi kanku: wanda ya iske wani a gonarsa, wa zai kai wa ƙara?